Tsohuwa ta ruɗe, fitsari na zarni, likita ya ce a dakata da magani

"Assalamu alaikum Likita. Ni 'yar Kano ce, shekarata biyu ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a nan Ingila. Akwai wata tsohuwa mai shekara 86 da nake kula da ita, tana da ɗan gigin tsufa amma tana gane mutane. Shekaranjiya ta tashi a ruɗe, tana ta kiran mijinta da ya rasu, ta ƙi cin abinci, fitsarinta ya yi ja kamar shayi ga zarni. Na ce wa nas a gwada fitsarin da tsinken gwaji, ta ce an hana. Likita ya zo ya duba ta, ya ce ba zai rubuta antibayotik ba, a dai riƙa ba ta ruwa ana lura da ita. 'Yarta ta yi fushi sosai, ni ma raina bai so ba. A gida da tuni an je kemis an sayo Cipro ko Septrin. Shin rowar magani ce irin ta gwamnatinsu, ko don ta tsufa ne ba su damu ba? Don Allah ka fahimtar da ni."

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba tsohuwa lafiya. Idan na fahimce ki, abu biyu ne ya tsaya miki a rai: me ya sa aka ƙi tsoma tsinken gwaji a fitsarin, me kuma ya sa likita ya ga mutum a ruɗe ya tafi bai bar magani ba. Ni likitan unguwa ne a arewacin Ingila, irin wanda suke kira GP, duk mako kuma ina zagaya gidajen tsofaffi biyu. Kafin in zo nan na yi shekaru a asibitin gwamnati a gida, don haka na san kemis na san Cipro, ni ma na rubuta shi ba adadi. Ban ga tsohuwarku ba, ba kuma zan yanke hukunci a kan wanda ya gan ta ya taɓa ta ba. Abin da zan iya shi ne in buɗe miki lissafin da likita ke yi a ransa yana tsaye a bakin irin wannan gado.

Maganar rowa mu fara sallamar ta. Trimethoprim na kwana uku bai kai kuɗin man da likitan ya ƙona ya zo ba. Likitan da ke neman hutu ta waya yake rubuta magani, minti biyu an gama, iyali sun yi shiru, nas ta yi shiru, shi ma ya kwana lafiya. Wanda ya tako da ƙafarsa ya duba ya ce a dakata, shi ne ya ɗauko wa kansa jidali, domin in abu ya lalace sunansa za a fara kira.

Baƙin da suka zama 'yan gida

Abin da aka koya mana muna ɗalibai shi ne fitsarin mai lafiya ba ƙwayar cuta a cikinsa, in an gani to akwai ciwo. A jikin matashi kusan haka ne. A jikin tsohon da rauni ya kai shi gidan kulawa, lissafin ya sauya. Kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na matan da ke irin gidajen nan, da kashi 15 zuwa 40 na maza, kullum suna ɗauke da bakteriya a mafitsara, ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da ke damun su. Wanda kuwa robar fitsari ta yi wata guda a jikinsa, da wuya a samu wanda ba shi da su. Dalilan a fili suke ga mai irin aikinki. Mafitsara ta saki ba ta juye fitsari duka, ga famfas dare da rana, ga ciwon sukari, mace ta daɗe da daina al'ada fatar wurin ta bushe, namiji kuma furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, ya kumbura ya tare hanya. Ƙwayoyin sun samu wuri sun zauna, jiki ya saba da su.

Wata likita a Kanada, Lindsay Nicolle, ta gwada abin tun a shekarun 1980 a kan tsofaffin da ke gidajen kulawa a Winnipeg. Aka raba masu ɗauke da ƙwayoyin gida biyu, aka ba wasu magani aka ƙyale wasu. Waɗanda aka ba ba su fi sauran tsawon kwana ba, ba su fi su ƙarancin ciwo ba. Abin da suka ƙaru da shi illar magani ne, bayan ɗan lokaci kuma ƙwayoyin suka dawo, wasu ma irin da ba sa jin maganin farko. An maimaita irin wannan bincike a wurare da dama, amsar ba ta canja ba.

To shi tsinken gwaji, iyakar abin da yake nunawa shi ne akwai alamar bakteriya da fararen ƙwayoyin jini a fitsari. Bai san bambancin ɗan gida da ɓarawo ba. Ki shiga falonku da yamma, tsofaffi mata ashirin na zaune lafiya lau suna kallon talabijin, ki tsoma wa kowacce, biyar zuwa goma tsinken zai canja launi. Ke nan ranar da ɗayarsu ta ruɗe saboda wani dalili dabam, ana tsomawa zai nuna, kowa ya ce an gano, a daina bincike. Shi ya sa hukumar lafiya a Ingila ta ce kada a yi aiki da shi wajen gano ciwon mafitsara ga wanda ya haura 65 ko mai robar fitsari. Wataƙila kin taɓa ganin takarda manne a ofishin nas an rubuta To Dip or Not to Dip, wato a tsoma ko kada a tsoma. Shiri ne da aka faro a yankin Bath ya bazu ƙasar. Nas ɗinku umarni ta bi.

Sai launi da zarni. Ki tuna fitsarin mai azumi da la'asar, shekarar da Ramadan ya faɗo a watan Afrilu a Kano. Ja ne jawur, ga zarni, kuma ba wanda ya taɓa cewa a ba shi kafso, ana shan ruwa ya washe. Tsoho kullum cikin irin wannan azumin yake ba tare da ya ɗauki niyya ba. Ƙishirwa ba ta kama shi kamar da, wasu da gangan suke rage sha don kunyar jiƙa jikinsu, wasu hannu na rawa kofin ya yi musu nauyi, ga masu shan furosemide da ke ƙara tatse su.

Abin da ke ruɗa tsoho

Ruɗewar farat ɗaya a jikin tsoho abin ɗauka da gaske ne, a nan kin yi daidai da hankalinki ya tashi. Ƙwaƙwalwar da tsufa ya riga ya taɓa kamar tocilan ce mai sanyin batir, abu kaɗan ke sa ta lumshe. Sai dai abubuwan da ke sa ta lumshen suna da yawa, mafitsara ɗaya ce kawai a cikinsu. Ciwon da ba ta iya faɗa, kamar tsagewar ƙugu bayan faɗuwa ko haƙori. Bayan gida da ya taurare kwana huɗu ko biyar. Fitsarin da ya taru ya ƙi fita. Rashin ruwa, faɗuwar sukari, raguwar gishirin jini, ciwon huhu, ƙaramin shanyewar ɓarin jiki. Sabon magani, musamman codeine da na barci da na tsayar da yoyon fitsari irin oxybutynin. Har canjin ɗaki, ko mutuwar batirin abin ji, ko ɓatan tabarau, na ga sun birkita mutum.

Akwai wata da ba na mantawa, tsohuwar malamar makaranta ce ta haura 90. Cikin wata biyu an ba ta antibayotik sau uku, duk ta waya, duk da hujja ɗaya: ta ruɗe, tsinke ya nuna. Ranar da na je na tarar tana ta fizgar zanen gado tana nishi. Na ɗora hannu a mararta, tauri kamar ƙwarya. Na nemi takardar nan da kuke cikewa ta bayan gida, kwana shida ba a rubuta komai ba. Na duba ta magani, ashe tun da ta faɗi aka sa mata codeine ba a haɗa da mai sassauta ciki ba. Kashi ya cushe ya danne hanyar fitsari. Aka sa roba, fiye da lita ɗaya ta fito, aka wanke cikin. Bayan kwana biyu ta koma gyara wa ma'aikata Turanci kamar yadda ta saba. Wata biyu tana shan wahala saboda tsinke ya ba kowa amsa mai sauƙi.

Ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta faɗi haka ƙarara a ƙa'idojinta na 2019: tsohon da ya ruɗe ko ya faɗi, aka ga bakteriya a fitsarinsa, amma ba alamar ciwo a hanyar fitsari, ba zazzaɓi, awon jini, wato BP, bai faɗi ba, a nemi wani dalilin a sa masa ido, kada a fara da antibayotik.

To yaushe muke bayarwa? Tun 2001 wani kwamitin masana ƙarƙashin Mark Loeb na Kanada ya tsara mafi ƙarancin alamun da za a gani kafin a fara magani a gidan tsofaffi, abin da muke bi a Ingila kuma bai yi nisa da nasu ba. A namu na Ingila, zafin fitsari sabo, shi kaɗai ya isa. In babu shi, ana neman biyu cikin waɗannan: zafin jiki da ya haura yadda aka saba gani a jikinta da digiri 1.5 har sau biyu cikin awa 12, yawan zuwa fitsari ko matsuwarsa, sakin fitsari ga wadda da tana riƙewa, ciwon mara, jini a fitsari, ko ruɗewa sabuwa. Kin ga ruɗewa tana cikin lissafi, sai dai ba ta tsayawa ita kaɗai. In ma zazzaɓi ne da ruɗewa kawai, sai an duba ƙirji da ciki da fata tukuna. In an yanke za a ba da magani, a ɗebi fitsari a aika ɗakin gwaji kafin ƙwayar farko, don a san sunan bakteriyar da abin da ke kashe ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne mai gigin tsufa ba za ta ce miki fitsari na yi mata zafi ba. Har yau ba mu da gwajin da zai raba ɗan gida da ɓarawo a cikin mafitsara, da alamu muke aiki. A nan idonki ya fi na'urata. Ke kike kai ta banɗaki. Ke za ki ga ko tana yamutsa fuska in fitsarin na fita, ko tana dafe mara, ko famfas ɗin da kan kai la'asar yanzu kafin azahar an canja uku.

Garin neman gira

Iyali kan ce, to a ba ta mana ko da ba shi ba ne, me zai rage? A jikin ɗan shekara 30 sau da yawa ba abin da zai rage. A jikin 'yar 86 akwai.

Hanjin mutum cike yake da bakteriya masu amfani, antibayotik kuma ba ya tambayar suna, yana share na kirki da na banza. In fili ya samu sai wata ƙwaya mai suna Clostridioides difficile, wadda za ki ji ana ce wa C. diff, ta mamaye. Gudawa ce mai wari na daban, sau goma ko fiye a yini, tana tsotse tsoho cikin kwana biyu, tana kuma kisa. Irinta na yin watanni a kan ƙarfen gado da hannun ƙofa, man goge hannun nan mai barasa ba ya kashe shi sai an wanke da sabulu da ruwa, shi ya sa in ta shiga gida take bi ɗaki-ɗaki. Magunguna huɗu suka fi jawo ta: co-amoxiclav, wato Augmentin, da ciprofloxacin, da clindamycin, da dangin cephalosporin irin su ceftriaxone da cefuroxime. Ki lura, su ne dai waɗanda a gida muke kira manyan magunguna, waɗanda in likita bai rubuta su ba a ce bai iya aiki ba.

Ni kaina na taɓa jawo ta. Wata Juma'a da yamma aka kira ni kan wani dattijo mai tari. Na gaji, ban je ba, na rubuta co-amoxiclav ta waya. Mura ce kawai da ta zaga gidan a makon nan, rabin mutanen na tari, da na je da na gani. Bayan kwana goma gudawa ta kwantar da shi asibiti sati uku. Ya rayu. Amma da ƙafarsa yake zuwa ɗakin cin abinci kafin nan, bayan nan sai a keke, har ya bar duniya.

Sai ƙoda da karo da sauran magunguna. Ki ƙirga abin da ke takardar kowane mutum a gidanku, bakwai, takwas, goma. Nitrofurantoin, wanda muka fi farawa da shi a nan, ta ƙoda yake bi ya taru a fitsari. In ma'aunin aikin ƙoda ya sauka ƙasa da 45 ba ya taruwa yadda ya kamata, illarsa kuma ta ƙaru, mutanenku da yawa kuwa suna ƙasa da haka ba tare da an taɓa kiran su masu ciwon ƙoda ba. In aka yi watanni ana shan sa yana iya taɓa huhu da hanta. Trimethoprim, wanda ke cikin Septrin, yana ɗaga fotasiyam a jini, in ya haɗu da maganin hawan jini irin ramipril ko lisinopril, ko da spironolactone, bugun zuciya na iya rikicewa har ta tsaya. Mai shan methotrexate ba a ba shi ko kusa. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, Septrin da Flagyl da Cipro da clarithromycin duk suna iya tsinka jininsa fiye da kima. Clarithromycin da simvastatin, maganin rage kitsen jini, ba sa zama tare, tsoka suke lalatawa. Cipro kuwa da kika ambata, a Janairun 2024 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ce kada a rubuta shi da danginsa sai in sauran ba za su yi ba. Yana tsinka agara, musamman ga wanda ya haura 60 ko mai shan prednisolone, yana kuma iya kawo ita kanta ruɗewar da ake neman magancewa.

Ga kuma bijirewa, wato bakteriya ta daina jin magani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta har kashi 70 cikin 100 na mazauna gidajen tsofaffi a can kan sha antibayotik aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kashi 40 zuwa 75 na abin da ake rubutawa ko dai ba a buƙatarsa ko an rubuta shi ba daidai ba. Abin ya kai daga ƙarshen 2017 gwamnatinsu ta wajabta wa gidajen da take biya su kafa tsarin sa ido kan antibayotik. Mutane kan ɗauki bijirewa matsalar duniya ce mai nisa. A wurina takarda ce da ke dawowa daga ɗakin gwaji, an jera magungunan sha biyar kowanne an sa masa alamar ba ya ci. Ranar da tsohuwar ta kamu da ciwon gaske ba abin da zan ba ta a ɗakinta, sai motar asibiti, sai allurar jijiya, sai kwana a kan gadon da ba ta sani ba, wanda shi ma ruɗewa yake ƙara mata. Bakteriyar kuma ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Jinkiri ma yana kisa

Kada ki fita daga nan da tunanin hana magani shi ne gwaninta. Ciwon da ya taso daga mafitsara ya hau ƙoda ya shiga jini yana iya gamawa da tsoho cikin yini guda, kuma jikin tsoho ba ya ihu. Da yawa ba sa yin zazzaɓi, wasu ma sanyi jikin ke yi. Wani dattijo tsohon direban bas, mai yawan barkwanci, wata ma'aikaciya 'yar Ghana ta tare ni a ƙofa ta ce, Likita, yau bai tsokane ni ba. Shi ke nan abin da ta gani. Na auna: zafin jiki 35.6, numfashi 28 a minti, awon jini na sama 88. Ban tsaya rubuta ƙwaya ba, motar asibiti muka kira. Cutar ta riga ta shiga jini, Allah ya sa da sauran kwana.

Su kansu masana sun yi ja-in-ja a nan. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani babban bincike daga bayanan marasa lafiya a Ingila, ya nuna tsofaffin da aka ce suna da ciwon mafitsara amma ba a ba su magani nan take ba sun fi shiga haɗarin cuta ta bi jini, sun kuma fi mutuwa. Hankalin likitoci ya tashi. Shekara ta gaba wasu masu bincike a Landan suka sake lissafi da irin bayanan, suka yi la'akari da cewa waɗanda aka jinkirta wa tun asali sun fi rauni da tarin cututtuka, ba su ga ƙaruwar shigar cuta jini ba, ko da yake batun mace-mace bai wanke sarai ba. Ni abin da na ɗauka a aikina shi ne in alamun sun cika ba na jira, in ba su cika ba ina dakatawa amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne fassarar "a lura da ita", kuma nan ne wasu likitoci ke gajarta bayani su bar ma'aikata cikin duhu. Lura na nufin a riƙa auna zafin jiki da numfashi da bugun zuciya da awon jini da iskar jini duk bayan awa huɗu ko yadda aka ce, a rubuta. A rubuta ruwan da ta sha, a kai wajen lita ɗaya da rabi a yini in ba a taƙaita mata ba saboda zuciya ko ƙoda. A san wa zai sake duba ta cikin awa 24. In likita bai faɗi waɗannan ba ki tambaye shi, haƙƙinki ne. In kuwa kika ga numfashi ya kai 25 a minti, ko awon jini na sama ya sauka 90, ko tana makyarkyata, ko zafin jiki ya haura 38 ko ya sauka ƙasa da 36, ko amai da ciwon kwiɓi, ko ta wuce awa 12 ba fitsari, ko fata ta yi dabbare-dabbare, ko tana wuyar tashi daga barci, wannan ya wuce lura. Ki sanar da nas nan take, in abin na gudu a kira 999. Gidaje da yawa na amfani da takardar RESTORE2, ta gano mutumin da jikinsa ya fara taɓarɓarewa, don wannan, in kuna da ita ki riƙe ta da kyau.

Ƙirji da ƙafa, a taƙaice

Fitsari ya fi cin antibayotik a gidajen nan, ƙirji na biye. Yawancin tarin hunturu bairos ne, kaki kore kuma ba hujja ba ne. A Holan an gwada auna sinadarin CRP, wanda ke hawa a jini in cuta ta kama jiki, da ɗigon jinin yatsa a gidajen tsofaffi, aka buga a 2021: inda ake awon, kusan kashi 54 na masu alamun ciwon ƙirji aka ba magani a ganin farko, inda ba a yi kusan kashi 82, waɗanda aka rage wa kuma ba su fi shan wahala ba. A ƙafa, ciwon fata na bakteriya kusan kullum ƙafa ɗaya yake kamawa, da zafi da raɗaɗi. In duka biyun suka yi ja suka kumbura, galibi jini ne ke taruwa saboda zama, abin da suke so ɗagawa da man shafawa. Gyambo ma kamar mafitsara yake, duk wanda aka goga aka aika gwaji sai an samu bakteriya.

Akwai wuri ɗaya da ba ni da amsa guda. Mai gigin tsufa da ya kai gargara, ba ya magana ba ya haɗiya, ciwon huhu na dawo masa duk wata. Wani bincike a gidajen tsofaffi na yankin Boston da aka buga a 2010 ya nuna antibayotik na ƙara musu kwanaki amma bai ƙara musu jin daɗin jiki ba. Wani iyali kwanakin suke so, wani sauƙin suke so. Wannan zama ake yi da su tun da wuri a rubuta, da la'akari da abin da shi mai jikin ya taɓa faɗa da abin da addininsa ya koya masa.

Abin da ke hannunki

Mafi girma shi ne ruwa. A wasu gidaje huɗu a gabashin Berkshire an tsara zagayen abin sha sau bakwai a yini, a keke mai ado, kowa da irin abin da yake so, ciwon mafitsara mai buƙatar antibayotik ya ragu da fiye da rabi. Ajiye jug a gefen gado ba shayarwa ba ne. Ki zauna, ki miƙa, ki san wadda ba ta shan ruwa sai da ɗan lemo a ciki.

In za ki kira likita, kada ki ce ina jin ciwon fitsari ne, domin kin riga kin sa masa amsa a baki. Ki faɗi abin da kika gani da yaushe ya fara, awon da kuka yi, rabonta da bayan gida, ruwan da ta sha jiya, ko ta faɗi, ko an sa mata sabon magani. In an rubuta antibayotik, ki tabbata akwai ranar tsayawa. Mace mai ciwon mafitsara zalla kwana uku ne, namiji bakwai, ciwon huhu galibi biyar, na fata biyar zuwa bakwai. Bayan kwana biyu a bi sawun sakamakon ɗakin gwaji, sau da yawa yana dawowa ba wanda ya buɗe. Mai robar da ta wuce mako a jiki, in ciwon gaske ya kama shi ana so a canja robar. Wanda ke kan ƙwaya ɗaya kullum dare don rigakafi, ƙa'ida a sake duba ta aƙalla duk wata shida, na tarar da wadda ta shekara huɗu a kai ba wanda ya tuna dalili. Haka nan rubutun cewa jikin mutum ba ya karɓar penicillin: cikin goma masu wannan tambari, kusan tara in an bincika ba haka ba ne, tambarin kuma shi ke tura likita ga magungunan da suka fi kawo gudawa. Ki tambayi iyali me ya faru takamaimai, ko tashin zuciya ne kawai shekara 40 da suka wuce.

'Yarta kuwa tsoro ne ya sa ta fushi, tana ganin an yi watsi da uwarta. Kada ki yi mata wa'azin bijirewar bakteriya, ba ta zo jin wannan ba. Ki nuna mata takardar awo, ki ce ga abin da muke dubawa duk awa huɗu, ga abin da in mun gani za mu kira. Ki ba ta kofi ta shayar da uwar da hannunta, sau da yawa sun fi karɓa daga 'ya'yansu.

Tun da kin ambaci gida, in ce wani abu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 sun mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Kafso biyu na ja da yalo da ake saya a teburin mai shago na da hannu a ciki. Ranar da aka kira ki daga Kano aka ce Hajiya ta tashi tana sambatu, kafin kowa ya nufi kemis ki ce a auna sukarinta, musamman in tana shan Daonil, a yi gwajin maleriya, a auna jini, a tambayi rabonta da bayan gida, a kai ta wurin wanda zai taɓa cikinta.

Ita kuma tsohuwarku, gobe in kin shiga aiki ki fara da takardar bayan gida da ta magani, ki ga ko akwai abin da aka ƙara ko aka cire cikin sati biyun nan. Ki duba bakinta da haƙoranta, ki duba ƙugu da diddige lokacin wanka, ki gwada batirin abin jinta. In ta kwana uku ba ta dawo daidai ba ko da awo na kyau, ki nemi likita ya dawo a ɗebi jini a duba gishiri da ƙoda da sukari. Ki rubuto mini abin da aka gano.